Iskar Ɗakin Kwana: Yadda Za Mu Saita Na'urar Awon Iska, Mu Kuma Kula da Ita

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatan lafiya na unguwa suka yi wa iyalan da ke zaman gudun hijira a Briqueterie, cikin Yawunde. An buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma 'yan'uwanmu da ke sansani. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.



Malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin al'umma, matasa, sannunku da zuwa. Mun san wasu sun bar teburin sana'a, wasu sun bar tukunya a kan wuta, wasu sun rufe keken ɗinki suka zo. Allah ya saka da alheri. Za mu yi ƙoƙari kada mu cinye muku lokaci, amma maganar yau tana buƙatar a saurara da kyau, domin ta shafi ran kowa da ke kwana a ɗaki a rufe.

Yawancinmu a nan ɗaki guda muke haya. Mutum shida, bakwai, wani lokaci har goma suke kwana a cikinsa. Taga ɗaya ce, ita ma sau da yawa an toshe ta da kwali ko leda saboda sauro, ko sanyi, ko tsoron ɓarawo. Idan ruwan sama ya sauko, murhun gawayi ciki ake shiga da shi. Idan an ɗauke wuta, tela da mai shago su tayar da janareta, wanda a nan ake ce wa gurup, a ajiye shi a bakin ƙofa ko a zaure. Ba wanda yake yin haka don ganganci. Matsi ne. Amma iska ba ta san matsi ba, shi ya sa muka kawo waɗannan na'urori biyu da kuke gani a kan tebur, mu yi bayanin aikinsu, da yadda ake saita su, da yadda ake kula da su.

Iska biyu, sunansu ya yi kama, halinsu daban

Ta farko ita ce kabon dayoksaid. A jikin na'ura za ku ga an rubuta CO2, da ƙaramin 2 a gefe. Ita ce iskar da muke fitarwa duk lokacin da muka yi numfashi. Wuta ma tana fitar da ita, haka hatsi mai danshi a rumbu, haka ƙasa a cikin rijiya. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ta fi iskar da muka saba da ita nauyi wajen sau ɗaya da rabi, don haka idan ta yi yawa a wurin da iska ba ta motsi sai ta kwanta a rami kamar ruwa. A wannan jawabin za mu riƙa ce mata iskar numfashi.

Ta biyu ita ce kabon monoksaid, ana rubuta ta CO, babu 2. Tana fitowa ne idan abu yana ci da wuta bai samu isasshiyar iska ba: gawayi, itace, kananzir, fetur a cikin janareta ko babur. Ita ma ba launi, ba wari. Guba ce ko da kaɗan ce, saboda tana kama jini fiye da yadda iska mai kyau take kama shi sama da sau 200. Za mu riƙa ce mata gubar gawayi.

Ku riƙe wannan da kyau: na'urar CO2 ba ta jin gubar gawayi, na'urar CO kuma ba ta auna iskar numfashi. Cikin su biyun kuma babu wadda take gane yoyon tukunyar gas ta girki. Kowace da aikinta. Kafin ku amince da na'ura, ku duba abin da aka rubuta a jikinta.

Abin da ya faru a Nyos

Ƙasar nan da ta karɓe mu ta fi yawancin ƙasashen duniya sanin abin da iskar numfashi take iya yi. A daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke yankin Menchum a Arewa maso Yamma ya amayo iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa. Tafkin yana bakin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa wajen mita 200. Iskar ta gangaro ta bi kwari, ta shiga ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, mutane suna barci. Mutum 1,746 suka rasu, tare da dabbobi wajen 3,500. A cikin mamatan akwai Fulani makiyaya da yawa. Waɗanda suke kan tudu sun fi tsira. Dubban waɗanda suka rayu an kwashe su zuwa matsugunan da aka gina musu, suka zama 'yan gudun hijira a cikin ƙasarsu, kamar yadda da yawa daga cikinmu muka san ɗacinsa. Shekara biyu kafin wannan, ranar 15 ga Agusta 1984, tafkin Monoun da ke kusa da Foumbot ya yi irin haka, mutum 37 suka rasu.

Bayan haka masana na Kamaru da na ƙasashen waje suka haɗa hannu. A 2001 aka dasa bututu a tafkin Nyos don ya riƙa fitar da iskar a hankali, a 2011 aka ƙara biyu. An kuma kafa na'urori masu jin CO2, masu aiki da hasken rana, waɗanda ke busa jiniya idan iskar ta yi yawa, domin mutane su hau tudu. Cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati, wadda ake kira IRGM, mai hedikwata a nan Yawunde, tana cikin masu sa ido a kan tafkunan.

Me ya kawo Nyos cikin maganar ɗakin haya a Birik? Ku yi tunani: jiniya a bakin tafki, idan baturinta ya mutu, ko ƙura ta toshe ta, ko awonta ya karkace, shirun da za ta yi sai a ɗauka lafiya ce. Na'urar da ba a kula da ita ta fi rashin na'ura haɗari, saboda tana sa mutum ya saki jiki. Haka abin yake ga ƙaramar na'urar da ke hannunmu.

Yadda na'urar CO2 take aiki, da ma'anar lambobinta

A cikinta akwai ɗan ƙaramin bututu. A wannan kai akwai fitila mai fitar da hasken da ido ba ya gani, a wancan kai akwai abin da ke auna hasken da ya iso. Iskar numfashi tana shanye wani ɓangare na hasken. Idan ta yi yawa a bututun, hasken da zai iso ya ragu, sai na'urar ta mayar da raguwar zuwa lamba. Irin wannan na'ura za ku ga an rubuta NDIR a kwalinta. Ita ce ta gaskiya.

Kusa da lambar za ku ga haruffa uku, ppm. Ma'anarsu kashi nawa cikin miliyan. Ga yadda za ku fassara:

Iskar waje, a fili: wajen 420. A cikin gari mai yawan motoci takan ɗan haura haka.

Ƙasa da 800: ɗakin yana samun iska sosai.

Daga 800 zuwa 1,000: ba laifi, amma a lura.

Daga 1,000 zuwa 2,000: iska ba ta wadatar ba. A buɗe taga da ƙofa.

Sama da 2,000: mutum kan tashi da nauyin kai da kasala, yara su kasa mayar da hankali a karatu. A buɗe ko'ina, a rage cunkoso idan da hali.

5,000: wannan ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa ma'aikaci na awa takwas. Yawancin ƙananan na'urori a nan awonsu yake tsayawa.

40,000: haɗari ga rai nan take.

Numfashin mutane kaɗai a ɗakin kwana da wuya ya kai lambar da ke kisa. To me ya sa muke aunawa? Dalili biyu. Na farko, lambar tana gaya mana yawan numfashin juna da muke shaƙa. Iskar da mutum ya fitar tana ɗauke da CO2 wajen 40,000. Idan ɗaki ya kai 2,400, to kusan kashi ɗaya cikin ashirin na iskar da kake ja ta riga ta shiga huhun wani ta fito. Tarin fuka da ƙyanda da mura ta wannan hanyar suke yaɗuwa. Na biyu, ɗakin da iskar numfashi ba ta samun hanyar fita, gubar gawayi ma ba za ta samu ba. Ɗakin da ya nuna 2,000 ba tare da wuta ba, idan aka shigar da murhu cikinsa ya zama tarko.

Saiti: mayar da na'ura kan gaskiya

Kowa a nan ya san sikelin mahauci. Da yau da gobe allurarsa takan kauce daga sifili, sai an murɗa an dawo da ita, in ba haka ba ko mai saye ya cutu ko mai sayarwa. Addininmu ya yi gargaɗi mai tsanani a kan tauye awo. Ita ma na'ura haka take: fitilarta tana tsufa, ƙura tana shiga, faɗuwa tana girgiza ta, sai lambarta ta kauce. Dutsen awon da muke gwada ta da shi kyauta ne, wato iskar waje, domin mun san lambarta.

Ga yadda ake yi, mataki-mataki.

Na ɗaya, a zaɓi lokaci. Bayan sallar asuba ya fi, kafin masu babur su cika hanya, kafin a hura wutar koko da ƙosai. Da yamma kuwa, lokacin da masu tsire suka hura wuta hayaƙi ya rufe unguwa, ba lokacin saiti ba ne.

Na biyu, a zaɓi wuri. Fili mai iska, a kan tudu, nesa da murhu da janareta da titi da taron jama'a. Unguwarmu gangare ce, lungunan ƙasa kusa da rafi suna riƙe hayaƙi, saboda haka a hau sama. A ɗora na'urar a kan kujera ko benci a inuwa. Kada rana ta doke ta, kada raɓa ko yayyafi ya taɓa ta.

Na uku, a tabbatar baturi ya cika, a kunna, a ja da baya kamar taku huɗu. Wannan shi ne inda aka fi yin kuskure. Mutum ya sunkuya yana leƙen lamba, numfashinsa yana sauka a kanta, yara su kewaye ta suna kallo. Numfashi ɗaya ya isa ya ɓata saitin. A bar ta minti 20.

Na huɗu, a matso a karanta da sauri, a kau da fuska. Idan ta nuna tsakanin 400 da 480, lafiyarta ƙalau, kada a taɓa komai. Idan ta nuna ƙasa da 380, ko sama da 500 alhali wurin fili ne babu hayaƙi, to ta kauce.

Na biyar, idan ta kauce, a nemi wurin da aka rubuta CAL, ko a maɓalli ko a cikin jerin zaɓi. A danna kamar yadda takardar na'urar ta ce, a sake ja da baya har ta gama ƙirga. Za ta ɗauki iskar da ke kewaye da ita a matsayin 400, wasu 420. Shi ya sa ba a taɓa danna CAL a cikin ɗaki. Wanda ya danna a ɗakin da ke da 1,200, ya koya wa na'urar cewa 1,200 shi ne 400. Daga ranar za ta riƙa nuna ƙaramar lamba, tana cewa lafiya alhali babu.

Na shida, a gwada ko tana ji. A tsaya nisan hannu, a hura mata numfashi a hankali sau biyu. Cikin minti ɗaya ko biyu lambar ta hau sosai, bayan 'yan mintoci kuma ta sauko inda take. Idan ba ta motsa ba, ko ta hau ta ƙi sauka, a kawo mana ita.

Na bakwai, a rubuta a littafi: kwanan wata, lambar kafin saiti, lambar bayan saiti, sunan wanda ya yi. Idan kowane wata sai an yi mata babban gyara, littafin ne zai nuna cewa ta kusa gama aiki.

Dubawar waje a yi ta sau ɗaya a wata. A kuma yi ta duk lokacin da na'urar ta faɗi, ko ta jiƙe, ko ta daɗe a ajiye. Idan akwai guda biyu, a jera su gefe da gefe na rabin awa. Bambancin 50 zuwa 70 ba abin damuwa ba ne. Idan ya kai 200, ɗaya tana ƙarya.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman. Na farko tsayin gari. Yawunde tana sama da mita 700 daga bakin teku, iskarta ta fi ta Duwala sauƙi. Na'urar da aka saita a bakin teku, idan ta hau nan, lambarta takan ragu da kusan kashi 8 cikin 100. Saboda haka duk sabuwar na'ura a saita ta a nan kafin a fara aiki da ita, idan kuma tana da wurin sa tsayin gari, a sa. Wanda aka mayar da shi wani gari ya tafi da ita, ya sake saiti a can.

Na biyu, yawancin na'urorin nan suna da saitin kai-da-kai, ana rubuta shi ABC. Na'urar tana duba lamba mafi ƙanƙanta da ta gani cikin kimanin mako guda, ta ɗauka ita ce iskar waje. Wannan dabara an yi ta ne don ofis da makaranta, inda kowa ke watsewa da dare. Ɗakunanmu kuwa ba sa zama babu kowa: da tsohuwa, da mai jego, da jariri. Na'urar ba za ta taɓa ganin iskar waje ba, sai ta riƙa rage lamba a hankali ba wanda ya sani. Mafita ɗaya cikin biyu: ko a kashe ABC a riƙa saiti da hannu, ko a riƙa fitar da ita waje a kunne na awa guda kowane mako, misali ranar Juma'a da safe.

Kula da ita yau da kullum

A ajiye ta a tsayin da ake numfashi, kan ɗan tebur ko kanta. Kada ta zauna a bakin taga ko ƙofa, domin za ta auna iskar waje ta ce ɗaki lafiya. Kada kuma ta kusanci fuskar mai barci fiye da mita ɗaya.

Maƙiyanta uku ne: danshi, ƙura, da hannun yara. Garin nan damina biyu yake yi a shekara, bango yana tsatsafo, kwanon rufi yana ɗiga. A nisanta ta da tururin tukunya da wurin wanka. Ƙananan ramukan da ke jikinta ta nan iska ke shiga, a riƙa share su da busasshen buroshi mai laushi. Ba a wanke ta, ba a goge ta da fetur ko sabulu, ba a sa ta cikin leda tana aiki. Idan za a fesa maganin sauro ko a yi fenti, a fitar da ita. Idan mai caji ce, a cika ta duk lokacin da wuta ta zo. Idan mai batur ce, kada a bar matattun batura a ciki su yi ruwa, kuma don Allah kada a zare su a sa a tocila ko rediyo.

Masu niyyar saye a kasuwa su yi hattara. Akwai masu araha da ke nuna lambar CO2 alhali hasashe kawai suke yi daga warin da ke cikin iska. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe kwalbar turare ko man goge hannu mai barasa kusa da ita, ba tare da an huro numfashi ba. Ta gaskiya ba za ta damu ba. Ta bogi lambarta za ta yi tsalle.

Na'urar gubar gawayi

Wannan farar mai kama da faifai ita ce mai ƙara idan gubar gawayi ta taru. Idan kuɗin gida na na'ura ɗaya ne, kuma ana girki da gawayi ko akwai janareta kusa, ita ce ta farko da za a saya. Ba a saita ta a gida. Kulawarta huɗu ce. A danna maɓallin gwaji kowane mako a ji ƙara, amma a sani wannan yana gwada batur da ƙararrawa ne kawai. A duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta, domin sinadarin da ke ciki yana mutuwa bayan shekara biyar zuwa goma, gwargwadon irinta, ko da ba a taɓa amfani da ita ba. Idan tana ɗan yin ƙyas lokaci-lokaci, yawanci batur take nema. Kada kuma a gwada ta a bakin salansar babur, yana lalata ta.

A ɗakin kwana a rataye ta kusa da tsayin kan mai barci. Idan an rubuta EN 50291 a jikinta, ƙa'idarta ita ce: a 50 ta yi ƙara tsakanin minti 60 da 90, a 100 tsakanin minti 10 da 40, a 300 kafin minti 3. Saboda haka idan ta yi ƙara, gubar ta riga ta jima a ɗakin ko ta yi yawa. Ba lokacin gardama ba ne.

Idan ta yi ƙara, ko aka ga alamu

Alamun gubar gawayi sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, rikicewa. Bambancin shi ne yawanci babu zafin jiki, mutanen ɗaki suna kamuwa tare, kuma idan an fita waje sai a ji sauƙi. A garuruwanmu an sha jin iyali sun kwana ba su tashi ba, a ce abinci ne, ko sammu, ko iskokai. Addu'a ba ta hana bincike. Idan aka samu murhu ko janareta kusa, a fara zargin hayaƙi.

A fitar da kowa waje nan da nan, a fara da yara da masu ciki da tsofaffi. A bar ƙofa da taga a buɗe. A kashe janareta, a fitar da murhu idan ana iya yi ba tare da daɗewa a ciki ba. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai iya shaƙewa, kuma ba sa cire gubar. Maganinta iskar oksijin ce ta asibiti: a iskar waje jini yakan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar, da oksijin kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. A kira 'yan kwana-kwana a 118, ko motar asibiti ta gaggawa a 119, ko a ɗauki mutum zuwa cibiyar gaggawa ta CURY da ke kusa da Babban Asibitin Yawunde, ba ta da nisa da mu. A gaya wa likita an kwana da gawayi ko janareta. Da Faransanci sunan gubar monoxyde de carbone. Faɗin yana da muhimmanci, saboda ɗan abin da ake maƙala wa yatsa yakan nuna lafiya ko da gubar tana jini. Mai ciki ta je asibiti ko da ta ji sauƙi, domin ɗan da ke ciki ya fi ta jin gubar.

Rijiya, masai da rumbu

Matasanmu da yawa suna samun na abinci da yasar rijiya da kwasar masai. A nan ne iskar numfashi take kisa da gaske, domin tana kwanciya a ƙasan rami. Kafin a shiga, a buɗe ramin ya sha iska, a zura na'urar da igiya har kusa da ƙasa ba tare da ta taɓa ruwa ba, a bar ta minti biyar. Idan ta kai 5,000 ko ta cike awonta, ba shiga. Idan ta nuna ƙasa da haka ma, ku tuna ba ta auna ƙarancin oksijin ko iskar masai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ita ma tana kisa. Gwajin fitila da aka gada ba ya wadatarwa, domin wuta tana iya ci a iskar da za ta sumar da mutum, a masai kuma tana iya tayar da gobara. Ba a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin rijiya. Mai shiga ya ɗaura igiya a jikinsa, mutum biyu suna riƙe a sama. Idan ya faɗi, a jawo shi da igiyar, a kira 118. Kada kowa ya bi shi ciki. Sau da yawa gawa ta biyu da ta uku na masu ceto ne.

Ga wanda ba shi da na'ura

Mun san yawancin gidaje ba su da ita, kuma abinci da kuɗin haya sun fi gaggawa. Waɗannan ba sa cin ko sisi. Murhun gawayi ba ya kwana a ɗaki, ko ya daina hayaƙi, domin jan garwashi marar hayaƙi yana fitar da guba sosai. Iyayenmu mata, kaskon wutar mai jego a ɗumama ɗaki da shi ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin barci. Janareta ya yi nisan mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da ɗakuna. Idan gidan bai da wannan fili, a kashe shi kafin a kwanta. A bar kafa biyu a ɗaki, ɗaya sama ɗaya ƙasa ko a bango daban, a sa musu raga maimakon kwali. 'Yan'uwanmu na sansanin Minawao, inda sanyin hunturu ke sa a toshe ko'ina: gawayin da mata ke haɗawa daga ɓawon amfanin gona yana ceton itatuwa, Allah ya yi musu albarka, amma shi ma wuta ce, dokarsa ɗaya da sauran gawayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Yawancinsu talakawa ne masu girki da itace da gawayi, irinmu.

Abin da muke roƙo

Kowane gida mai ɗakuna da yawa ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu riƙe na'ura da littafinta. Na'urar CO2 ta riƙa zagayawa: kowane ɗaki ta kwana biyu, a rubuta lambar da ta nuna da asuba kafin a buɗe ƙofa, domin ita ce lambar gaskiya ta dare. Ɗakin da ya wuce 2,000, a zauna da mai gida a nemi izinin buɗe kafa. Idan ana jin nauyin magana da shi, ku sanar da mu mu je tare. Malaman makarantun allo da limamai, ku ma ku ara ku gwada azuzuwanku lokacin da suka cika.

Yanzu za mu fita tsakar gida rukuni-rukuni, kowa ya riƙe na'urar da hannunsa, ya nemo CAL, ya hura mata numfashi ya ga yadda lambar ke hawa. Iyayenmu mata su fara. Mai tambaya ya yi, ba tambayar da ta yi ƙanƙanta.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasashenmu da wannan ƙasa zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.